A Sawun Mary Rathbun, Mai Raɗa Wa Ƙaguwa Suna

Bas ɗin da ke tashi daga Boston zuwa Woods Hole yakan ci kusan awa biyu a hanya. Da ya haye gadar Bourne sai ya shiga yankin Cape Cod, ya yi ta gangarawa kudu tsakanin itatuwa da gidajen katako, har ya dire mu a tashar jirgin fito, inda kwalta ta ƙare ruwa ya karɓa. Yawancin waɗanda muka zo tare ko waiwayar garin ba su yi ba. Jakunkunansu suka ja, suka nufi jirgin da zai tsallakar da su tsibirin Martha's Vineyard hutu. Ni kuwa nan ɗin na nufo, domin a wannan gaɓa ce wata budurwa 'yar shekara 21 ta fara ɗora ido a kan teku a 1881, ta kuma kama aikin da ba ta ajiye ba sai da ta doshi shekara 80.

Sunanta Mary Jane Rathbun. Ko a Amurka, wanda bai karanci halittun ruwa ba da wuya ya san ta. Amma duk wanda ya buɗe littafin tantance ƙaguwa da jatan lande da danginsu zai yi ta cin karo da sunanta a bayan sunayen Latin, shafi bayan shafi, tare da shekarar da ta raɗa kowanne. An ƙirga mata nau'o'i da ƙananan nau'o'i 1,147 da ita ta fara bayyana wa masana, da rukunoni 63, a cikin rubuce-rubuce 166. Duk wannan da takardar sakandare ta fara shi.

Woods Hole ƙauye ne. Babban titinsa ɗaya, da wata 'yar gada da ake ɗagawa idan jirgin ruwa mai dogon sanda zai shiga tafkin Eel Pond, motoci su tsaya su jira. Sai dai a wannan ɗan tsukin ne aka jera manyan cibiyoyin binciken teku. A 1871 majalisar Amurka ta kafa hukumar kula da kifi, saboda kukan da masunta ke yi cewa kifi na raguwa a gaɓar New England, aka kuma ɗora Spencer Baird a kanta. Shi ya fara kafa sansanin bincike a nan. Bayansa aka buɗe ɗakin binciken halittun teku a 1888, sannan cibiyar nazarin teku a 1930. Har yau akwai titi mai suna Albatross, sunan jirgin binciken da hukumar Baird ta ƙera a 1882.

Yayan Mary, Richard, shi ne ya kawo ta. A birnin Buffalo aka haife su, nesa da teku, mahaifinsu yana sana'ar fasa dutse, mahaifiyarsu kuma ta rasu Mary tana 'yar shekara ɗaya. Richard tun yana yaro yake tsintar burbushin halittun da suka daskare cikin duwatsun mahaifinsu, abin da ya ja shi har ya zama ɗaya daga cikin ma'aikatan Baird. Da ƙanwarsa ta biyo shi a wancan bazarar, ta tarar aiki ya yi wa mutane yawa. Jirgin Fish Hawk yakan fita ya ja koma a ƙasan teku, ya dawo da taɓo cuɗe da halittu iri-iri, wasu ba a taɓa ganin su ba. Sai an wanke, an ware, an zuba kowane iri a kwalbarsa, an rubuta inda aka kamo shi da zurfin ruwan da ranar. Aka zaunar da ita ta taimaka wa Sidney Smith na jami'ar Yale, wanda shi ne masanin dangin ƙaguwa a tawagar. Shekara uku tana wannan aiki ba a ba ta ko sisi.

Da safe, lokacin da ruwa ya ja baya, na gangara wata gaɓa mai duwatsu a gefen gari. Na tarar da wata ɗaliba durƙushe da bokiti da ɗan littafi, tana ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Duk dutsen da ta ɗaga sai ƙananan ƙaguwoyi su watse, kowace ta nufi nata ramin a kaikaice. Ta cafko ɗaya ta baya, inda ba za ta iya cizonta ba, ta miƙo mini kusa da ido. Ɓawon bayanta kusan kusurwa huɗu ne, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, ƙafafun kuma da zane, duhu da haske bi da bi. Ta sa bakin fensir ta nuna mini gefen ɓawon, bayan ido: tsini uku a dama, uku a hagu. Sannan ta ciro wata daga bokiti, mai ɗan kore-kore, ta ce in ƙirga da kaina. Biyar na samu a kowane gefe.

Dukansu biyu baƙi ne a wannan gaɓa. Mai tsini biyar daga Turai ta zo tun ƙarni na 19. Mai tsini uku asalinta gaɓar Japan da maƙwabta, ba a kuma gan ta a Amurka ba sai 1988, a jihar New Jersey. Ana kyautata zaton ta zo ne cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi. Yanzu ita ta fi yawa a ƙarƙashin duwatsun nan. Ke nan da Mary ta ɗaga waɗannan duwatsu a 1881, ba za ta ga ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi aka san baƙuwa ce. An sani ne saboda wasu sun zauna tun da can sun rubuta abin da ke wurin, da sunansa da siffarsa, sun kuma ajiye shi a kwalba. Ba don wannan rajista ba, da sai a ɗauka tun fil azal tana nan.

Daga Boston na hau jirgin ƙasa zuwa Washinton, tafiyar da ke cinye yawancin yini. Layin yana bin gaɓa ta Providence da New Haven, inda jami'ar Yale take, ya nutse ƙarƙashin New York, ya ɓullo ya wuce Filadelfiya da Baltimore. A hanya na yi ta tunanin wani mutum da ya riga Mary, William Stimpson. Shi ne gwanin wannan fanni a Amurka a zamaninsa, har cibiyar Smithsonian ta tattara dubban kwalaben dangin ƙaguwa da ta mallaka ta aika masa Shikago ya yi nazari, a wani gini da aka yi imani wuta ba ta cin sa. A watan Oktoba na 1871 babbar gobarar Shikago ta cinye ginin ƙurmus, da kwalaben, da zane-zanensa, da rubutun da ya shafe shekaru yana yi bai kai ga bugawa ba. Bai ƙara shekara guda a duniya ba. A 1872 ya rasu. Saboda haka lokacin da aka ɗauki Mary aikin akawu a 1884 ta koma Washinton, ba gadon da aka shimfiɗa ta tarar ba. Sabon tari ne ake yi daga tushe, jiragen hukumar kifi na ta kwararo kaya, hannun da zai tsara su kuma ya yi kaɗan.

Kawuna ne ya tarbe ni a tashar Union. Ya daɗe a jihar Maryland yana tuƙin tasi. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya zo kan abin da ya kawo ni.

"To ɗana, ita wannan baiwar Allah magani ta gano ne, ko me ta yi?"

Na ce, "Kawu, suna ta raɗa wa halittu."

Ya ɗan yi shiru yana tuƙi, sannan ya ce in dai ƙaguwa nake nema, gobe da sassafe zai kai ni inda ake sayar da ita kwando-kwando.

Kasuwar kifi ta titin Maine tana ci tun 1805. Shagunan a kan ruwa suke, bisa wasu faffaɗan jirage da aka ɗaure a bakin gaɓa, mai saye yana tsaye a tudu yana nuna abin da yake so. Warin kifi da tururin yaji sun cika wurin. Ƙaguwar da ake rububi ita ce shuɗiya ta mashigin Chesapeake, ana auna ta da kwandon katako, wasu da ransu suna ta motsi, wasu an turara su da jan yaji sun koma ja. Mai shagon ya ga ina leƙe ba saye ba, amma bai ƙosa ba. Ya sa wani dogon hantsaki ya ɗago ɗaya, ya kifar da ita ciki sama. A cikin akwai wani murfi siriri dogo. Ya ce wannan namiji ne, su suna ce masa jimi, kuma yara a nan da doguwar hasumiyar tunawa da Washinton suke gane shi. Ya ɗago wata mai faffaɗan murfi zagayayye irin ƙubbar majalisar dokoki, bakin hannuwanta ja kamar an shafa, ya ce ita ce suk, macen da ta balaga.

Na roƙe shi ya juyo mini bayan namijin. Shuɗin yana jikin hannuwa da ƙafafu ne, ɓawon kansa kore ne mai duhu. Ƙafafun baya biyu sun baje sun zama filafilai na iyo. Tsini tara ne a kowane gefe, na ƙarshe dogo mai kaifi. Tsakanin idanu kuwa akwai haƙora biyu masu faɗi, kuma da su ake raba ta da yawancin 'yan rukuninta, waɗanda ke da huɗu. Irin wannan ƙirge shi ne abincin yau da kullum na mai wannan sana'a.

Sunan da duniya ta san wannan ƙaguwa da shi, Callinectes sapidus, Mary Rathbun ce ta ba ta a 1896. Ba wai ba a san dabbar ba. Mutanen yankin sun daɗe suna cin ta. Matsalar suna ce. Thomas Say na Filadelfiya ya bayyana ta tun 1817, amma ya kira ta da sunan da tuni Linnaeus ya ba wata ƙaguwa ta daban ta Bahar Rum. A ƙa'idar wannan ilimi kowace dabba suna biyu gare ta, na rukuni da na nau'i, lissafin yana farawa daga littafin Linnaeus na 1758, kuma suna ɗaya ba ya hawa kan dabba biyu. Kusan shekara 80 ana tafiya a kan wannan ruɗani. Mary ta tattaro duk 'yan rukunin da ta iya samu, ta jera su, ta auna, ta bi tsofaffin littattafai, ta warware wace ce wace. A cikin wannan rukuni ne ƙaguwar da masunta ke kamawa a ruwan Legas take, Callinectes amnicola.

Ga amsar tambayar Kawu, kamar yadda na yi ƙoƙarin ba shi a cikin mota. Chesapeake shi ne mashigin teku mafi girma a Amurka, tsawonsa wajen kilomita 320, kuma dubban gidaje da wannan ƙaguwa suke ci. Tun 1990, kowane hunturu jihohin Maryland da Virginia ke jan koma a wurare 1,500 su ƙirga waɗanda suka binne kansu cikin taɓo, maza daban, mata daban, ƙanana daban. Da wannan ƙidaya aka taƙaita kamun mata a 2008 lokacin da adadin ya faɗi, domin mace ɗaya kan ɗauki ƙwai wajen miliyan 2 ta gangara bakin teku ta ƙyanƙyashe. Wannan dabba kuma ta tsallaka zuwa Bahar Rum ta zama annoba, har gwamnatin Italiya ta ware Yuro miliyan 2.9 a 2023 don yaƙi da ita, saboda ɓarnar da take yi wa masu kiwon kifin ɓawo a bakin kogin Po. Mai ƙidaya a Maryland da mai doka a Rum ba za su fahimci juna ba sai sun tabbata dabba ɗaya suke nufi. Sunan ne ke ba su wannan tabbaci.

Gidan adana tarihin halittu na Smithsonian, wanda aka buɗe a 1910, shiga kyauta ne, kuma kullum cike yake. Yara na ɗaukar hoto da ƙaton giwan Angola da ke tsaye a zaure, ana ɗaga kai ana kallon siffar kifin whale da aka rataye a zauren teku. Ban daɗe a ciki ba. Abin da ake nuna wa jama'a ɗan tsakure ne. Kwalaben da Mary ta yi rayuwarta a kansu an kwashe su zuwa Suitland, a wajen gari, wata ma'ajiya da aka buɗe a 1983, aka kuma ƙara mata sashe na musamman a 2007 don kayan da ke cikin sifirit, saboda gudun gobara. Ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya.

Ma'aikaciyar da ta raka ni ta gargaɗe ni tun daga ƙofa cewa ciki da sanyi. Ba taga, ba hayaniya, sai ƙarar na'urar iska da ɗan ƙamshin sifirit. Kantoci ne na ƙarfe jere har iya ganin ido, kowace cike da kwalabe, daga mai girman yatsa zuwa wadda sai an sa hannu biyu. Ruwan da ke ciki kashi 70 cikin 100 sifirit ne, kuma akwai masu zagayawa suna duba wanda ya ƙafe su ƙara, su canza murfin da ya saki. Wannan ma aiki ne da ba ya ƙarewa.

Ta sauko da wata kwalba ta aza kan tebur. Ƙaguwar da ke ciki launinta ya tafi, ta koma ruwan ƙasa mai haske, amma ko gashin ƙafarta bai zube ba. A cikin ruwan, manne da gilashi, akwai 'yar takarda da rubutun baƙin tawada: sunan dabba, wurin kamu, lambar tashar jirgin, lambar rajista. Rubutun tsaf, kowane harafi a zaune, ba gaggawa a cikinsa. Ta ce hannun Mary ne, kuma ma'aikatan sashen suna gane shi daga nesa, domin dubban takardu da katunan rajista irin wannan ta bari, tsarin da ta shimfiɗa kuma a kansa aka ci gaba da gini. Na daɗe ina kallon takardar nan. Wadda ta rubuta ta ta san wani zai zo ya karanta bayan ba ta, kuma don shi ta natsu.

Daga nan ta kai ni wurin da ake ajiye kwalaben da suka fi kowanne daraja. Duk lokacin da masani ya raɗa sabon suna, dole ya ware dabba guda ya ce wannan ce ma'aunin sunan, ya ajiye ta inda kowa zai iya zuwa ya gani. Kamar mudun da sarkin kasuwa ke ajiyewa ne: in gardama ta tashi kan awo, shi ake ɗaukowa. Shi ya sa a 1896 Mary ta ƙetare zuwa Turai, ta bi gidajen adana halittu na birane irin su Kopenhagen da Paris da Landan. Magabata da yawa da layi biyu ko uku na Latin suka bayyana dabba, bayanin da zai iya hawa kan iri goma. Sai ka ga ainihin abin da mutumin ya riƙe a hannunsa kafin ka ce naka sabo ne.

Ta nuna mini yadda ake yi a yau. Ta ciro wani namiji ta sa a faranti mai ruwa ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta sa hantsaki ta ɗaga murfin cikinsa a hankali. A ƙarƙashi akwai wasu siraran sanduna biyu, gaɓoɓin da yake barbara da su. Ta ce a nan gaskiya take. Launi yakan canza, girma yakan bambanta, hannu kan karye ya sake tsirowa bayan dabbar ta yi saɓa, amma lanƙwasar bakin sandan nan kowane nau'i da irin tasa. Yanzu ana haɗawa da gwajin ƙwayoyin gado, ana yankar ɗan naman ƙafa a kai ɗakin gwaji. Sai dai sakamakon gwajin ba ya zuwa da suna. Dole a dawo kan kwalba da takardar da ke cikinta.

Rubutun Mary na farko ya fito a 1891, tare da James Benedict, kan ƙananan ƙaguwoyin taɓo. A takarda yayanta ne shugaban sashen, amma ayyukan hukumar kifi da na mulkin cibiyar sun ɗauke shi, nauyin yau da kullum yana wuyanta. Muƙami mafi girma da ta taka shi ne mataimakiyar mai kula da sashe. A 1914, da ta ga aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuma an ce babu kuɗin ɗaukar wani, sai ta ajiye muƙaminta don a biya wani matashi, Waldo Schmitt, da albashinta. Ita kuma ta ci gaba da zuwa aiki kamar kullum, ba albashi, wajen shekara 25.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin misalin karamci, kuma karamcin ne. Amma ni ina ganin akwai abin kunya a ciki ga waɗanda suka karɓa. Mace ce da masanan Turai ke aiko wa kayansu ta tantance, a ƙasar da sai 1920 mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗinta, kuma hanyar da ta rage mata ta samun mataimaki ita ce ta sallama abincinta. Jami'ar Pittsburgh ta ba ta digirin girmamawa a 1916, ta kuma sami digirin digirgir a jami'ar George Washington a 1917, tana da shekara 57. Manyan littattafanta huɗu kan ƙaguwoyin nahiyar Amurka, na 1918 da 1925 da 1930 da 1937, duk a shekarun rashin albashin ta rubuta su, har da wasu biyu kan waɗanda suka daskare cikin dutse. Ta rasu a Washinton a watan Afrilu na 1943. Schmitt ya gaji sashen, shi ne kuma ya rubuta tarihinta.

Kafin mu fita na roƙi a kai ni kantocin Afirka ta Yamma. A 1900 Mary ta wallafa jerin dangin ƙaguwa da jatan lande na wannan yanki, tsakanin 1904 da 1906 ta fitar da babban aikinta kan ƙaguwoyin ruwan daɗi na duniya, da Faransanci, a Paris, a 1921 kuma ta yi na kogin Kwango. A 1898 ta bayyana wata 'yar ƙaguwa daga Laberiya wadda ba a sake samun ta ba sai ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka gano ashe ba a rafi take zama ba, a kogon bishiya take, cikin ruwan saman da ya taru. Yau tana cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu saboda saran daji. Bayan Mary, Théodore Monod ya yi nasa littafin a Dakar a 1956, Raymond Manning da Lipke Holthuis suka yi nasu a 1981, Neil Cumberlidge ya fitar da na ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka ta Yamma a 1999. Shi ne a 1991 ya bayyana wani nau'i daga Kagoro ta jihar Kaduna, ya sa masa sunan garin, Sudanonautes kagoroensis.

Wannan rukuni na Sudanonautes ya shafe mu kai tsaye. A jikin wasu daga cikinsu ne tsutsar huhu ke zama kafin ta shiga mutum, idan ya ci ƙaguwar ba ta dahu sosai ba. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da yunwa ta sa mutane cin abin da suka samu, likitoci a kudu maso gabashin Najeriya sun ga masu tari da jini da yawa waɗanda aka ɗauka tarin fuka ne, alhali wannan tsutsa ce, maganinsu kuma daban. Likitan da zai gargaɗi mutanen wani ƙauye yana bukatar sanin wace ƙaguwa ce ke rafinsu. Hatta busasshen kirefish da matanmu ke saye a kasuwa su daka a miya, ƙaramin jatan lande ne na bakin teku, yawancinsa nau'in Nematopalaemon hastatus da ake kamawa a gaɓar Akwa Ibom da Kuros Riba, kuma wanda zai kare shi daga ƙarewa sai ya iya raba shi da 'ya'yan manyan jatan lande da ke faɗawa raga ɗaya.

Na karanta sunayen da ke kan waɗannan littattafai, ban ga namu ba, kuma abin ya dame ni. Muna da cibiyar binciken teku a Legas da ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, muna da sassan nazarin dabbobi a jami'o'i. Amma iyaye likita da injiniya da lauya suke ambata wa yaro, kuma ɗalibin da zai tantance ƙaguwar rafin garinsu sau da yawa sai ya nemi ma'auninta a Washinton ko Paris ko Landan. Ba na ganin laifin waɗanda suka adana. Da ba su adana ba da babu. Abin da nake so in gani shi ne ɗaki irin wannan a Zariya ko Kano ko Yamai, ko da kanta goma ce, da wanda za a biya albashi ya zauna a cikinsa shekara talatin. Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba: kwalba, sifirit, madubi, ma'auni, fensir. Ma'aikaciyar ta ce ko a nan akwai kwalabe birjik da ke jiran wanda zai zo ya duba su, masu wannan sana'a kuma ba su da yawa a ko'ina.

Kawu yana jirana a wajen ƙofa. Da na ba shi labarin ta Kagoro da wata 'yar'uwarta, Sudanonautes monodi, wadda ke rayuwa a busasshen yankin arewa, tana haƙa rami a bakin fadama tana kuma iya shaƙar iska a tudu, sai ya rage gudu ya dube ni.

"Ai mun san ta! Muna yara, da an yi ruwan farko za ka gan su sun fito a fadamar bayan gari, mu yi ta tono da kara. Wannan ma tana da suna a littafi?"

Na ce tabbatar da ko ita ce sai an sami babban namiji, an sa a sifirit, an rubuta sunan wurin da ranar da fensir a jefa takardar cikin kwalbar, domin tawadar biro narkewa take yi. Ya sa na maimaita masa, ya ce in rubuta masa a takarda in mun isa gida, zai buga wa ƙaninsa waya tun kafin damina ta faɗi.